An cuce ka a sayayyar intanet? Ga yadda za ka bi haƙƙinka mataki-mataki

Duk wanda ya saba sayen kaya ta waya ya haddace waɗannan kalmomi: "kaya na hanya", "direba ne ya makara", "ki ƙara haƙuri Hajiya, gobe in sha Allahu". Kafin a tura kuɗi, amsa na zuwa cikin minti guda, har da saƙon murya da addu'a. Da alat ya shiga, sai shiru. Wani ya jira mako uku a kawo masa takalmin da bai shige shi ba, wata ta buɗe leda ta ga leshin da ba shi ne a hoto ba, wani kuma ko tsinke ba a kawo masa ba. Abin da ya fi ƙona rai ba lalacewar kayan ba ne, domin kuskure na faruwa a kowace sana'a. Raina hankalin da ke biyo baya shi ne ke ciwo: ka kira ba a ɗauka, ka rubuta a karanta a ƙi amsawa, ƙarshe a toshe lambarka.

Yawancinmu a nan muke tsayawa, mu ce mun bar wa Allah. Barin abu ga Allah bai hana bin haƙƙi ba, kuma hanyoyin bin sa suna nan a Najeriya, wasu ma kyauta ne. Sai dai ba sa yi wa mai hayaniya aiki. Wanda ke dawo da kuɗinsa shi ne mai hujja a rubuce, wanda ya motsa da wuri, ya kuma bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na 1: San da wa kake ciniki

Masu sayarwa a intanet ba iri ɗaya ba ne, kuma inda za ka kai kuka ya danganta da wanda ya karɓi kuɗinka.

Akwai manyan dandalin ciniki na cikin gida irin Jumia da Konga, waɗanda duka suka fara aiki a Legas a 2012. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, galibin kayan da ke irin waɗannan shafuka ba na kamfanin ba ne, na 'yan kasuwa ne daban-daban da suka baje hajarsu a can. Saboda haka a shafi guda za ka iya samun mai gaskiya da maha'inci. Amfanin dandalin shi ne kuɗinka na bi ta hannunsa, yana da ƙa'idar mayar da kaya a rubuce, kuma yana da ofis da za a iya kai shi ƙara.

Akwai na ƙasashen waje, irin AliExpress da Temu. A can ba ka da ofishin da za ka je ka zauna. Makaminka shi ne tsarin shigar da ƙorafi na cikin manhajar da kuma katin da ka biya da shi.

Sai kaso na uku, wanda a nan ne yawancin mutanenmu ke ƙonewa: masu sayarwa a WhatsApp, Instagram, Facebook da TikTok, da masu tallar kaya a Jiji. A nan babu kowa tsakaninka da mai kaya. Jiji allon talla ne kawai, ba ya riƙe kuɗinka. Da yawa daga cikin waɗannan 'yan kasuwa mutanen kirki ne, mata ne da ke sana'a daga ɗakinsu suna rufa wa kansu asiri. Amma da yawa kuma kayan ba a hannunsu suke ba: hoto suka ɗauko daga wani dila a Kantin Kwari ko Legas, sai ka biya sannan su je nema. Idan kalar ta ƙare, sai su ɗauko mai kama da ita su aiko, suna fatan za ka yi shiru. Tambaya ɗaya tana warware wannan tun farko: "Kayan suna hannunki yanzu?" Idan an ce e, ka nemi bidiyo na yau, a riƙe kayan a hasken rana, a ambaci sunanka a ciki.

Mataki na 2: Tara hujja tun kafin rigima

Sayayyar intanet cinikin biri a sama ce, don haka siffar da aka ba ka ita ce kaɗai abin riƙonka. Malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun halatta sayar da abin da ba ya gaban mai saye idan an siffanta shi, da sharaɗin cewa idan ya zo ba bisa siffar ba, mai saye na da zaɓin fasa ciniki. Dokar ƙasa ma a kan haka take, kamar yadda za mu gani. To amma siffar da ba ka adana ba, ba za ka iya kafa hujja da ita ba.

Kafin ka biya, ɗauki hoton tallar a wayarka: hoton kayan, bayaninsu, farashi, sunan shafin da ranar. Masu sayarwa sukan goge talla ko su sauya bayani, kuma abin da aka ɗora a sitatus na WhatsApp yana ɓacewa bayan awa 24. Idan an yi magana ta kiran waya, bayan kun gama ka rubuta saƙo ka taƙaita abin da kuka yi: "Kamar yadda muka yi magana, shadda yadi 10, ruwan toka, naira kaza har da kuɗin mota, za ta iso ranar Alhamis." Ka jira ya amsa da "e". Wannan saƙo guda ya fi rantsuwa goma amfani ranar da aka fara musu. Ka duba kuma ko mai sayarwar ya kunna saƙonni masu gogewa da kansu a hirarku. Idan ya kunna, kashe su.

Abubuwa uku ne ya kamata a yanke a rubuce: ranar isowa, abin da za a yi idan kayan ba su yi daidai ba, da wanda zai ɗauki asara idan suka ɓace a hanya. Na ukun nan ne ake yawan mantawa. Kaya da yawa a Arewa ta tasha ake aika su, a ba direba, babu rasit. Idan kwali ya salwanta tsakanin Kano da Yola, mai kaya zai ce shi ya sallama tun a tasha, direba ya ce bai san me ke ciki ba. Ka nemi a turo maka hoton ƙunshin da sunanka a jiki, lambar motar, lambar direban da sunan tashar. Da waɗannan za ka iya zuwa wurin shugabannin ƙungiyar direbobi na tashar, kuma sukan sa baki. Kaya masu tsada kuwa, a bi da su ta kamfanin aika saƙo mai ba da lambar bibiya, ko da kuɗin ya fi yawa.

Ɗan bincike ma na taimakawa. Idan shafin ya ce kamfani ne mai rajista, hukumar rajistar kamfanoni ta CAC na da wurin neman suna kyauta a shafinta na intanet. Karanta sharhin masu saye, musamman marasa daɗi, domin su ne ke nuna yadda ake yi da mutum idan matsala ta taso. Shafin da ya rufe wurin sharhi gaba ɗaya, ko ya sha canza suna, a yi hattara da shi. Yawan mabiya ba shaida ba ne, sayen su ake yi. Kayan ci, na shafawa, magunguna da kayan mata kuma, a nemi lambar NAFDAC a jikinsu, don a nan ba kuɗi kaɗai ake asara ba, har da lafiya.

Mataki na 3: Yadda ka biya shi ne rabin shari'ar

Mafi aminci shi ne biya bayan an kawo, inda ake da wannan tsarin. Na biye da shi, biya ta cikin manhajar dandalin da kati, domin akwai tarihin cinikin kuma banki na iya bin sawu. Mafi rauni shi ne transfa kai tsaye zuwa asusun mutum, saboda kai ka tura da hannunka, kuma banki ba ya zare kuɗi daga asusun wani don kawai ka ce an cuce ka.

Idan babu makawa sai transfa, duba sunan da ya fito. Shagon da ke kiran kansa kamfani amma ya ba ka asusu mai sunan da ba shi da alaƙa da shi, tambayi dalili. A wurin rubuta bayanin transfa, saka abin da ka saya. Adana rasit ɗin, musamman doguwar lambar shaidar transfa mai lambobi 30 da ke jikinsa, domin da ita bankuna ke gano inda kuɗi ya sauka. Ga kaya masu tsada kamar kayan lefe, kujeru ko waya, ka nemi ka ba da kafin alƙalami, ciko sai an gani. Mai gaskiya yakan yarda, ko ya kawo wata hanyar da za ta kwantar maka da hankali.

Idan kuma a babban dandali ka ga kaya, mai kayan ya kira ka ya ce ka soke odar ka turo masa kai tsaye zai rage maka, kada ka yarda. Ragin nan da kariyarka kake sayen sa.

Mataki na 4: Ranar da kaya suka iso

Kafin ka yaga leda, kunna kyamara. Ɗauki bidiyo guda ba yankewa: nuna takardar da ke jikin ƙunshin, juya shi ta kowane gefe, buɗe, fito da kayan, gwada su. Idan waya ce, danna *#06# ka gwada lambar shaidar wayar (IMEI) da za ta fito da ta jikin kwali. Idan yadi ne, auna shi a bidiyon. Wannan bidiyo yana kashe zargin da aka fi yi wa mai saye, wato "a hannunka ya lalace".

Idan da matsala, kada ka yi amfani da kayan, kada ka cire tambari, kada ka kai wa tela, kada ka yar da kwali. A manhajojin waje kuma kada ka danna cewa ka karɓi kaya lafiya alhali ba su zo ba.

Lokaci ne babban abokin gabarka a nan. Manyan dandali suna da wa'adin mayar da kaya na 'yan kwanaki, sau da yawa mako guda daga ranar karɓa, kuma wa'adin ya bambanta da irin kayan. Jan rai da "gobe" da "jibi" da wasu ke yi, sau tari don wa'adin ya wuce ne. Ka shigar da buƙatar mayarwa a cikin manhajar a ranar da ka ga aibin, ko da kana ci gaba da magana da mai kayan ta gefe.

Mataki na 5: Ƙorafin farko

A nan mutane da yawa ke ɓata lamarinsu. Cikin fushi sai a aika saƙon murya na minti bakwai, a haɗa da zagi da Allah ya isa. Mai kaya ya samu abin fakewa: ya ce an ci mutuncinsa, ya toshe ka, kuma idan magana ta je gaba, zaginka ne zai fara nunawa. Fushin yana da dalili, amma ka ajiye shi gefe ka rubuta saƙo gajere mai ɗauke da abu huɗu: me aka yi alkawari, me ya faru, me kake so, zuwa yaushe. Ga misali:

"Assalamu alaikum Hajiya. Ranar 3 ga wata na biya naira 45,000 kuɗin abaya baƙa mai lamba 56, ga rasit da hoton da kika turo. Wadda ta iso jiya ruwan ƙasa ce, lamba 52, ga bidiyon buɗewa. Ban sa ta ba, tana cikin ledarta. Ina so a canza mini da wadda na biya, ko a mayar mini da kuɗina, zuwa ranar 17 ga wata. Kuɗin motar mayarwa na wajenki ne tunda ba abin da na saya aka aiko ba. Na gode."

Zaɓi abu ɗaya ko biyu da kake so ka tsaya a kai. Mai cewa "ku san yadda za ku yi da ni" ya ba su damar ba shi haƙuri kawai.

Da manyan kamfanoni, matsalar daban ce. Za ka fara da na'urar amsa saƙo mai maimaita magana ɗaya, sannan ka samu ma'aikaci wanda ke karanto amsar da aka rubuta masa. Kada ka huce a kansa. Ba shi ya tsara dokar ba kuma sau da yawa ba shi da ikon mayar da ko kwabo. Abin da kake buƙata daga gare shi shi ne lambar ƙorafi, sunansa, da ranar da za a ba ka amsa. Rubuta su. Duk lokacin da ka sake kira, fara da wannan lamba don kada a mai da kai farko. Idan ranar ta wuce, nemi a haɗa ka da na gaba da shi, sannan ka bi da imel, domin imel yana da kwanan wata kuma ana iya tura shi ga hukuma yadda yake. Idan aka ce an rufe ƙorafinka alhali ba a warware ba, amsa a rubuce cewa ba ka amince ba.

Ka lura da tayin da ake yi na zuba maka kuɗin a asusun cikin manhaja ko ba ka takardar ragi maimakon tsabar kuɗi. Idan za ka sake sayayya a can, ba laifi. Idan ba ka da niyya, ka ce a mayar ta hanyar da ka biya.

Wani gargaɗi mai muhimmanci: da zarar ka rubuta ƙorafi a fili a shafin kamfani ko banki a X ko Facebook, 'yan damfara masu shafukan bogi da tambarin kamfanin za su iya tuntuɓar ka su ce su ne masu kula da kwastomomi. Za su nemi lambar katinka, lambobi uku na bayansa, lambar sirri, ko lambar da aka turo maka ta tes, wai don su mayar maka da kuɗi. Mayar da kuɗi ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikinsu. Mutane sun rasa abin da ya ninka kuɗin kayan ta wannan hanya.

Abin da doka ta ba ka

Za a ce maka "ba ma mayar da kuɗi, yana rubuce a shafinmu". Wannan rubutu bai fi ƙarfin doka ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye, ta ba ka damar mayar da kaya ka karɓi kuɗinka idan ba ka samu damar duba su ba kafin a kawo, kuma suka zo ba bisa siffa ko samfurin da aka nuna maka ba. Ta kuma ce idan kaya suka kasa ingancin da ya kamata, kana iya mayar da su cikin wata 3 da karɓa, a gyara, a canza ko a biya ka, kuma ɗawainiyar mayarwar tana kan mai sayarwa. A 2022 wata babbar kotu a Enugu ta yanke hukunci a kan wani kamfanin motocin haya cewa tsarinsa na ƙin mayar da kuɗi ya saɓa wa wannan doka.

Adalci kuma shi ne a faɗi ɗaya gefen. Idan abin da ka zaɓa shi aka kawo, lafiyarsa ƙalau, kai ne ka canza ra'ayi ko ka ba da lambar da ba taka ba, to sai abin da ƙa'idar shagon ta ce ko abin da mai kaya ya yi maka na alheri. Akwai masu saye da ke sa kaya su je biki su dawo da su, kuma irinsu ne suka sa wasu 'yan kasuwa suka ƙeƙashe.

Mataki na 6: Sulhu ta hannun wanda ake jin nauyinsa

Idan ƙaramin ɗan kasuwa ne kuma wa'adin da ka ba shi ya wuce, kafin hukuma gwada mutane. Yana da shago a kasuwa? Shugabannin kasuwa da na layi suna sasanta irin wannan kullum, kuma ɗan kasuwa na jin kunyar a kira shi gabansu fiye da yadda yake jin tsoron imel. A wani zauren WhatsApp ka gan shi? Kai wa shugaban zauren hujjojinka. Wani ne ya haɗa ku, ko wata mai mabiya ce ta tallata shi? Sanar da su. Wanda ya karɓi kuɗin talla ya kamata ya san abin da ya jawo wa mutane. A jihohin da ke da Hisbah, ita ma tana zaman sulhu. Wannan hanya ta fi sauri, kuma tana barin ƙofar mutunci a buɗe ga wanda kuskure ya yi ba ha'inci ba.

Mataki na 7: Banki

Rarrabe matsalarka tukuna, don kowace da maganinta.

Idan an cire kuɗi amma biyan bai shiga ba, wannan tsakaninka da bankinka ne. Ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2020 ta ce a warware irin wannan na POS da na intanet cikin awa 72.

Idan da kati ka biya, kuɗin ya shiga, amma ba a kawo kaya ba ko an kawo wani abu daban, je banki ka cike takardar ƙalubalantar ciniki, ka haɗa da hujjojinka da shaidar cewa ka nemi mai sayarwa ya gyara bai yi ba. Bankin zai bi ta kamfanin katin ya nemi a dawo da kuɗin. Wannan ma yana da wa'adi, kada ka yi jinkiri. Ita ce hanya mafi ƙarfi a kan shagunan ƙasashen waje idan ƙorafin cikin manhaja bai yi ba.

Idan kuwa transfa ka yi kuma ka gane damfara ce tsagwaronta, an karɓi kuɗi an toshe ka, to awanni ne ke da muhimmanci. Kira bankinka nan take ka ce kana ba da rahoton damfara, ka ba su lambar shaidar transfa, su sanar da bankin da kuɗin ya shiga ko za a iya riƙe asusun kafin a kwashe. Sannan ka kai rahoto ga 'yan sanda, waɗanda ke da cibiya ta musamman kan laifukan intanet, ko ga EFCC. Dawo da kuɗin daga asusun wani yakan buƙaci umarnin kotu, kuma idan an riga an kwashe, samu na da wuya. Duk da haka rahoton na da amfani, domin asusun da ƙorafi ya taru a kansa ba ya daɗewa yana aiki.

A kowane hali, karɓi lambar ƙorafi daga banki. Wannan ya shafi OPay, PalmPay, Moniepoint da Kuda ma, duk Babban Banki ne ke ba su lasisi. Idan mako 2 ya wuce ba a warware ba, kana da damar rubuta wa sashen kare haƙƙin kwastomomi na Babban Bankin, ka haɗa da lambar da shaidar cewa ka fara kai wa bankinka.

Mataki na 8: Hukumar kare masu saye

FCCPC tana karɓar ƙorafi ta shafinta na intanet da ofisoshinta, kuma ba a biyan kuɗi. Za a nemi bayananka, sunan wanda kake ƙara da adireshinsa ko lambarsa, abin da ya faru, da abin da kake nema. Jera labarin bisa kwanan wata a shafi ɗaya, ka liƙa rasit, hoton talla, hirarku da amsar ƙarshe da suka ba ka. Hukumar kan tuntuɓi kamfanin ta nemi bayani, sau da yawa kuma kamfanin da ya yi watanni yana yawo da hankalinka yakan nemi sasantawa da zarar takardar hukuma ta iso. Ta fi tasiri a kan mai rajista da adireshi. Wanda ba a san inda yake ba, aikin jami'an tsaro ne. Wasu jihohi, ciki har da Kano da Legas, suna da nasu hukumomin kare masu saye, kuma zuwa can da ƙafa ya fi sauƙi ga wanda cike fom a intanet ke ba shi wahala.

Kafin ka shigar, aika wa mai kayan saƙo na ƙarshe ka gaya masa inda za ka da ranar da za ka je. Kada ka yi barazanar abin da ba za ka aikata ba.

Maganar fallasa a soshiyal midiya

Tana aiki, shi ya sa ake yin ta. Amma tana da haɗari. A 2023 an kama wata mata a Legas bayan ta rubuta ra'ayinta a Facebook kan wani tumatirin gwangwani, aka gurfanar da ita ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015, lamarin da ya tayar da ƙura a faɗin ƙasa. A ganina bai kamata mai saye ya ji tsoron faɗin abin da ya same shi ba, amma ka kare kanka. Faɗi abin da ya faru da kai kawai, da kwanan wata da rasit. Kada ka kira mutum ɓarawo ko ɗan damfara, bar masu karatu su yi hukunci. Kada ka saka hoton iyalinsa, adireshin gidansa ko lambar asusunsa, kada kuma ka tura mutane su zage shi. Idan daga baya ya biya ka, koma ƙarƙashin rubutun ka faɗa, haƙƙinsa ne.

Mataki na 9: Kotu

Mutane na jin kotu sai su tuna lauya da shekaru. Akwai kotunan ƙananan basussuka da aka kafa don irin wannan: Legas ta fara a 2018, Kano ta biyo baya a 2019, wasu jihohi da dama kuma sun bi sahu. An tsara su ne don neman kuɗin da bai wuce naira miliyan 5 ba a lokacin da aka fara, ba dole sai da lauya ba, kuma manufar ita ce a gama shari'a cikin kwana 60. Suna zama ne a kotunan majistare. A jihohin da ke da kotunan shari'ar Musulunci, su ma suna sauraron rigimar ciniki da bashi tsakanin Musulmi.

Ana farawa da takardar neman biya da za a kai wa wanda kake bi. Idan wa'adinta ya cika bai biya ba, sai ka cike fom ɗin ƙara a wurin magatakarda ka biya kuɗin shigarwa. Dole ka san cikakken sunan wanda kake ƙara da inda za a kai masa sammaci, kuma galibi a garin da yake zaune ko yake kasuwanci ake shigar da ƙarar. Saboda haka ka yi lissafi: idan yana Legas kana Gusau kuma kuɗin naira 20,000 ne, hukumar kare masu saye ta fi maka. Idan kuwa gari ɗaya kuke kuma kuɗin kayan ɗaki ne ko na lefe, je ka tambayi magatakarda adadin da suke karɓa yanzu da kuɗin fom. Ranar zama, tafi da hujjojinka a buge a takarda, kofi uku, da bayanan asusunka mai hatimin banki, da kayan da aka kawo maka a cikin ledarsu, da wayar da hirar take ciki, a cike da caji.